Saki a Kano: Haƙƙin da Ke Cikin Littafi da Wanda Ake Fita da Shi Daga Kotu

Mafi yawan auren da ke mutuwa a Kano, alƙali bai ma san an yi ba. Miji ya furta, ko ya yagi takarda ya rubuta, ko a zamanin nan ya tura saƙo ta waya. Mace ta ɗauki mayafinta ta nufi gidan iyayenta, bayan kwana biyu 'yan uwanta mata su zo da mota a kwashe kaya. Shi ke nan. Ba inda aka rubuta an ɗaura auren, ba inda aka rubuta ya mutu. Abin da ke isowa teburin lauya ragowar rigima ce: igiya nawa ta rage, wa zai riƙe yara, wa zai biya kuɗin makarantarsu, gadon nan da firjin nan na wane ne. Sai kuma macen da ta gaji da zaman, mijin ya ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba zai sake ta ba.

Abin da aikin lauya ya nuna mini shi ne fiƙihun Malikiyya, wanda kotunanmu ke hukunci da shi, ya ba macen da aka saka fiye da yadda mutanen gari suke zato. Sai dai kusan kowane haƙƙi a cikinsa yana rataye da wani sharaɗi: wa ya shaida, yaushe ta kai ƙara, a ina take zaune. Al'adarmu kuwa takan sa mace ta karya sharaɗin tun ba ta san akwai shi ba. Shi ya sa shari'ar aure da yawa tun a tsakar gida ake cin su ko a faɗi, zuwa kotu tabbatarwa ce kawai.

Tsarin kotunan ba shi da wuyar ganewa. Ana fara ƙara a kotun shari'ar Musulunci ta yanki, ko a babbar kotun shari'a irin ta Ƙofar Kudu ko ta Filin Hoki. Wanda bai gamsu ba ya ɗaukaka har zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ta hurumi a kan aure da rabuwarsa da riƙon yara da wasiyya da gado. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, sai Kotun Ƙoli. Mutane kan ɗauka da ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000 aka fara wannan. A'a, aure da saki a hannun alƙalai suke tun kafin zuwan Turawa, kuma ba su taɓa barin hannunsu ba. Abin lura shi ne babu wani kundi guda na dokar iyali mai sashe-sashe da alƙalin Kano zai buɗa. Littattafai yake buɗawa: Risala, Muhtasar Halil, Tuhfatul Hukkam, As-halul Madarik na Shehu Abubakar Alkashnawi, da sharhohinsu. Lauya ma su yake kafa hujja da su. Inda malamai suka yi saɓani, sai ka ga kotu biyu a gari ɗaya sun yi hukunci iri biyu a kan magana ɗaya.

A fara da sakin kansa. Ba ya buƙatar alƙali, ba ya buƙatar yardar matar, kuma a Malikiyya ko da wasa aka yi shi ya auku. Fushi ba ya hana shi aukuwa matuƙar mutum bai fita hayyacinsa ba, wanda kuma ya bugu da abin da aka haramta, sakinsa ya hau kansa. Wanda aka tilasta wa ne kawai aka ɗauke wa. Saki uku a kalma ɗaya kuma uku ne a mazhabar. Nan ne rigimar take yawa, domin akwai malamai a garin nan da ke ba da fatawa da ra'ayin Ibn Taimiyya cewa ɗaya ne, Masar ma ta mai da wannan ra'ayin doka tun 1929. Miji ya yi ukunsa da daddare, da safe ya yi nadama, ya je wajen malamin da ya san zai ce masa ɗaya ne, ya dawo ya ce ya mai da ita. Uban yarinya ya je wajen nasa malamin, a ce masa aure ya ƙare sai ta auri wani. Idan aka zo kotu, alƙali Malikiyya zai bi, amma kafin nan wata har ta koma ɗaki, wata har da juna biyu.

Wanda ya fi wannan ciwo shi ne musu. Mace ta ce ya sake ta, shi ya ce bai yi ba. Ƙa'ida ita ce ba a tabbatar da saki sai da shaidu biyu maza adalai ko iƙirarin mijin. Idan ba ta da shaida ko ɗaya, ko rantsuwa ba a ɗora masa a kan da'awarta kawai. Idan tana da ɗaya, shi zai rantse ya kore. To wane miji ne ke kiran maza biyu su tsaya kafin ya ce "na sake ki"? A cikin ɗaki ake yi, tsakar dare, ba kowa sai yara suna barci. Littattafan ma sun san da wannan, shi ya sa suka ce macen da ta ji da kunnenta igiyarta ta ƙare, kuma ta kasa tabbatarwa, kada ta ba shi kanta, ta fanshi kanta da abin da za ta iya. Wato ita aka saka, ita kuma za ta biya.

Don haka nake daraja takardar saki komai muninta. An taɓa kawo mini wata a naɗe cikin leda, an yago ta daga littafin aikin gida na ɗan firamare, a bayanta akwai lissafin da malami ya yi wa maki da jan biro. Layi biyu ne da rubutun boko: ni wane na saki matata wance saki ɗaya. Ba kwanan wata, ba sa hannu. Uban matar, dattijo mai sayar da hula, ya ce mini, "Barista, ai ga shi a rubuce, me kuma ake nema?" Na ce, "Baba, rubutun ya taimaka, amma yaushe aka yi shi?" Tambayar ke nan da shari'ar ta tsaya a kai. Mijin ya yarda rubutunsa ne, amma ya ce ya yi kome tana cikin idda. Ita ta ce ta gama tsarkinta uku bai waiwaye ta ba, sai da ya ji wani ya fito neman ta. A maganar ƙarewar idda ana karɓar maganar mace idan lokacin da ta faɗa mai yiwuwa ne, amma lissafin daga wace rana zai fara? Da akwai kwanan wata a takardar, da zama ɗaya ya isa. Saƙon waya ya fi takarda ta wannan fuskar, tunda yana ɗauke da rana da sa'a, sai dai shi kuma mijin yakan ce ba shi ya tura ba, wayar a hannun yara take. Wadda aka saka ta waya kada ta goge saƙon don baƙin ciki, kuma ta nuna wa maza biyu na gidansu tun a ranar.

Sai idda, inda al'ada ta fi yi wa shari'a hawan ƙawara. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana a fitar da matar daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita. Wadda aka yi wa sakin kome tana da ci da sha da sutura da wurin kwana a kan mijin har ta gama idda, idan ya mutu a ciki kuma ta gaje shi. Wadda igiyarta ta ƙare tana da wurin zama, idan tana da ciki har da ciyarwa sai ta haihu. Amma a Kano mace ta zauna a gidan wanda ya sake ta abin kunya ne, sai a ce ba ta da zuciya, ko ba ta da gata. Iyaye da kansu ke aikowa a taho da ita. Da fitarta, nauyin da ke kan miji ya koma kan uba ko wa, damar sulhu da ayar ta tanada ta tafi, idan kuma daga baya ta nemi kuɗin idda, abu na farko da lauyan mijin zai ce shi ne ba wanda ya kore ta, ita ta fita. Kyautar sallama da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, a mazhabarmu mustahabbi ce, alƙali ba ya tilasta ta, saboda haka ba na sa wa kowa rai da ita. Abu guda da mazhabar ta tsaya wa mace tsayin daka shi ne sakin da mutum ya yi a ciwon ajali: idan ya mutu a wannan ciwon, ta gaje shi ko ta gama idda, ko ma ta yi wani auren. 'Ya'yan uwargida da ke matsa wa uba mai jinya ya saki amarya kafin ya cika, wahalar banza suke yi.

Yanzu ga inda na fi ganin ana cutar mata da sunan shari'a, wato lokacin da mace ce ke son fita. Hanyoyinta ba ɗaya ba ne. Akwai hul'i, ta fanshi kanta da dukiya, asalinsa matar Sabitu bin Ƙaisu da ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki, ba don ya cuce ta ba, don dai ba ta son sa. Akwai kuma raba aure saboda cutarwa, wanda alƙali ke yi ba tare da ta biya ko sisi ba: duka, zagi da ita da iyayenta, ƙaurace mata ba dalili. Akwai rashin ciyarwa, inda alƙali zai ba miji wa'adi, idan ya kasa a raba. Akwai miji ya yi rantsuwar ƙaurace wa shimfiɗarta fiye da wata huɗu, akwai aibi irin hauka da kuturta da rashin iya kusantar iyali, akwai wanda ya ɓace ba labari, wanda ake jira shekara huɗu idan ya bar abin ciyarwa. Duk suna nan a cikin littafi. Amma je ka zauna a bencin kotu ka saurara, kusan duk macen da ta zo neman rabuwa, da hul'i za ta ƙare.

Dalili shi ne hul'i ba ya buƙatar shaida, cutarwa kuwa sai an tabbatar. Mace ta miƙe ta ce, "Allah ya gafarta Malam, dukana yake, ba ya ciyar da ni." Alƙali ya juya ga mijin, ya ce ƙarya take. A tambaye ta shaidu. Maƙwabtan da suka sha jin ihunta ba mai zuwa, kowa na gudun a ce shi ya kashe auren wani, ga shi sahu ɗaya suke sallah da mijin. Tabon ya warke, ba ta je asibiti ba, da ta kai kuka gida an ce ta yi haƙuri, zaman aure ibada ne. An ɗaga zama sau biyu, kuɗin adaidaita sahu ya ƙare, sai wani ya raɗa mata cewa ta ce kawai ba ta son sa, ta biya shi ta huta. Ta faɗa. Daga wannan kalmar ta tashi daga wadda aka zalunta ta koma mai ciniki.

Sai mijin ya zaro takardarsa. Na ga irinta da yawa: sadaki, kuɗin na-gani-ina-so, kuɗin gaisuwar iyaye, akwatunan lefe da atamfa da leshi ɗai-ɗai, kuɗin ɗinki, wayar da ya saya mata suna zance, kuɗin wurin dina da na mai hoto, wani har da ragon suna. Wanda ya ba da sadaki naira dubu 50 shekara goma da suka wuce sai ya ce miliyan biyu yake nema, domin da kuɗin zai auri wata, kuma aure ya yi tsada. Gaskiya ne Malikiyya ta halatta hul'i da abin da ya fi sadaki idan an yarda, kuma gaskiya ne naira ta faɗi. Amma macen da ta yi shekara goma tana dafa masa, ta haifa masa huɗu, lefen ya daɗe da zama tsumma, a ce ta biya kuɗin auren wadda za ta gaje ɗakinta, wannan ba fansa ba ce, tara ce. Alƙalai da yawa sukan sa baki su dawo da abin kusa da sadaki, amma tunda ba rubutacciyar iyaka, ya danganta da wanda ka tarar a kan kujera. Mafi muni shi ne wadda ba ta da kuɗi sai a ce ta yafe riƙon 'ya'yanta a madadin biya, ta kuwa yarda don ta tsira.

Aikin lauya a nan shi ne ya hana ta furta waccan kalmar da wuri. Tuhfatul Hukkam ta faɗa a sarari cewa cutarwa na tabbata da shaidu, tana kuma tabbata da labarin da ya bazu tsakanin mutane, wato ba lallai sai wanda ya ga saukar mari ba. Mai unguwar da aka sha kai wa ƙara, limamin da ya sha yin sulhu, katin asibiti, takardar yarjejeniyar da mijin ya sa wa hannu a ofishin Hisba cewa ba zai sake dukanta ba, duk suna gina magana. Idan kuka ya yawaita hujja ta gagara, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, kuma a Malikiyya hukuncinsu zartacce ne: idan suka ga laifin na miji ne su raba ba biya, ko bai so ba. Wannan ƙofa ba a cika buɗa ta yadda ya kamata ba, sau da yawa ana tura su gida ne "a je a sasanta", wanda ba shi ne naɗa masu sulhu ba. Kuma ko ta riga ta biya, idan daga baya ta tabbatar cutarwa ce ta sa ta fanshi kanta, sakin ya zauna, kuɗinta kuma a dawo mata da su. Mata kaɗan ne suka san wannan.

Rashin ciyarwa ma yana da tarkonsa. Idan suna gida ɗaya ta ce ba ya ciyarwa, ya ce yana yi, maganarsa ake ɗauka da rantsuwa. Idan ya yi tafiya, Legas ko Libiya ko Saudiyya, ya dawo ya ce yana aikowa, ana ɗaukar maganarta ne daga ranar da ta kai kuka gaban alƙali, abin da ya gabaci wannan rana maganarsa ce. Ma'ana shekara biyun da ta yi tana haƙuri tana sayar da ƙosai don kada a ce ta kai miji kotu, a lissafin shari'a sun tafi a banza. Haka kuɗin ciyar da yara: wanda ya wuce yakan faɗi idan ba alƙali ne ya yanka shi ba, sai fa in uwar ta nuna ta kashe ne da niyyar a biya ta, ba kyauta ba. Idan bazawara ta zo mini bayan shekara biyar da lissafin abin da ta kashe wa yara, nakan gaya mata gaskiya: Hajiya, na gaba za mu fi samu, na baya sai abin da Allah ya yi.

Riƙon yara shi ne inda tazarar ta fi faɗi tsakanin abin da ake yi da abin da aka rubuta. Bahaushe ya ce ɗa na uba ne, da an yaye a kai shi gidan ubansa, ya tashi a hannun kishiyar uwa ko kaka. Malikiyya kuwa ta bar wa uwa riƙon namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, uba kuma ya ci gaba da ciyarwa da tufatarwa da biyan makaranta da magani, yana da ikon gani da tarbiyya. Idan uwa ta yi aure da wanda ba muharramin yaron ba, riƙon ya faɗi daga hannunta, amma ba uba ne na gaba ba: kakar yaron ta wajen uwa ce, sannan 'yar uwar uwa, sai an wuce su ake zuwa ɓangaren uba. Idan ma wanda riƙon zai koma wa ya san ta yi auren ya yi shiru har shekara, ya rasa damar karɓa. Maza da yawa idan alƙali ya karanta musu wannan sai ka ga sun kalli lauyansu kamar shi ya sayar da su. Amma a nan ma lokaci na aiki: uwar da ta miƙa yara da hannunta ba wani uzuri, ta dawo nema daga baya, za a ce ta sarayar da haƙƙinta. Wani lokaci kuma ba mugunta ba ce ta raba ta da su, gidan ubanta ne ba ya ɗaukar ƙarin baki huɗu, ko manemin da ya fito ya ce ba ya riƙon agola.

Ko an ci shari'ar, saura karɓa. Ma'aikacin gwamnati da sauƙi, albashinsa sananne ne. Ɗan kasuwar Kantin Kwari ko Singa ko Dawanau kuwa zai shigo kotu da tsohuwar riga ya ce shi yaron shago ne. A yanka masa abin da bai kai kuɗin burodin wata ba, ya biya wata biyu ya daina. Ta dawo a sake sammaci, kuɗin mota da na takarda su cinye abin da ta zo karɓa, a karo na uku ba za ta dawo ba. Ba laifin littafi ba ne wannan, rashin hanyar bibiya ce, kuma ban ga amfanin hukuncin da mai shi zai yi ta bara kafin ya ci ba.

Dukiya ba ta da dogon bayani. Aure a Musulunci ba ya haɗa dukiya, nata nata, nasa nasa. Kayan ɗaki na wadda aka yi wa jere ne, abin da aka yi musu a kai kuma, wanda aka saba na mata ne a ba ta da rantsuwa, na maza a ba shi. Asarar tana wajen matar da ta sayar da sarƙarta ko ta kwashi adashinta ta zuba a ginin da ke da sunan miji. Ranar rabuwa zai ce kyauta ta ba shi. Idan ba rubutu ba shaida, rantsuwarsa ta gama magana.

Ba kowa a Kano ke ƙarƙashin wannan tsari ba. Wanda ya yi auren rajista, kamar da yawa daga mazauna Sabon Gari, Babbar Kotun Jiha ce kaɗai ke raba shi, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970. Dalili ɗaya ta sani, cewa auren ya lalace ba gyara, a nuna shi ta hanyar zina da ta sa zama ya gagara, ko guduwa ta shekara ɗaya, ko zama a rabe shekara biyu idan ɗayan bai ƙi ba, ko shekara uku ko ya ƙi. Ba a shigar da ƙara kafin aure ya cika shekara biyu sai da izinin kotu, hukuncin farko kuma sai bayan wata uku yake tabbata. A can kotu na iya raba kadara. Na kawo wannan ne saboda 'yan uwanmu Musulmi da ke zuwa rajista bayan ɗaurin aure don neman bizar Ingila ko Amurka. Ba su san sun ɗaura wa kansu aure na mace ɗaya ba, wanda "na sake ki" ba ya kwance shi a idon dokar ƙasa, ƙara aure a kansa kuma na iya zama laifi.

Hukuma ta sha taɓa maganar ta gefe. Hisba, wadda aka kafa hukumarta da doka a 2003 zamanin Malam Ibrahim Shekarau, tana sasanta ma'aurata da yawa, kuma talaka ya fi sakin jiki da ita tunda ba kuɗin lauya. Amma ba kotu ba ce, ba ta raba aure, yarjejeniyarta kuma sai wanda ya ga dama ya cika. A 2009 ƙungiyar zawarawa ƙarƙashin Hajiya Altine Abdullahi ta shirya gangami a kan halin da sakakku ke ciki, Hisba ta hana. A 2012 gwamnatin Kwankwaso ta fara auren zawarawa, a 2023 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta aurar da ma'aurata 1,800 a lokaci ɗaya. Alheri ne, ba na musu, amma yana magana ne a kan aure na gaba, bai taɓa abin da mace ta baro a na baya ba.

Yunƙurin da ya nufi gindin maganar shi ne na Sarki Muhammadu Sanusi II. A Fabrairun 2017, wajen taron cika shekara 50 da rasuwar Ambasada Isa Wali, ya bayyana cewa malamai da masana shari'a na shirya daftarin dokar iyali da za a kai Majalisar Dokokin jiha. Daftarin ya shafi yardar mace da ciyarwa da saki da haƙƙin yara, amma abin da gari ya ɗauka ɗaya ne, wai za a hana talaka ƙara aure. A kan wannan aka yi ta ce-ce-ku-ce a rediyo da majalisun shayi, sauran ya nutse, har aka sauke Sarkin a Maris na 2020 daftarin bai zama doka ba. Maroko, wadda ita ma Malikiyya take bi, ta gyara tata dokar a 2004: mai son saki sai ya nemi izinin kotu, a gwada sulhu, idan ya gagara ya ajiye haƙƙin matar da na yara a asusun kotu kafin a rubuta sakin.

Ban ce a kwafo na Maroko dungurungum ba, kuma na san amsar da malamai za su bayar, cewa saki ya auku da zarar an furta, ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Haka ne. Rajista ba za ta hana aukuwarsa ba, tabbatar da shi za ta yi, kuma aya ta biyu ta Suratuɗ Ɗalaƙi da kanta ta ce a kafa shaidu biyu adalai. A 2024 jihar nan ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, wadda ta wajabta gwajin ƙwayar halittar jini da cutar ƙanjamau da ciwon hanta kafin a ɗaura. Idan liman zai iya tambayar takardar asibiti kafin ya karanta huɗuba, zai iya cike fam mai shafi ɗaya: sadaki nawa, an biya ko ajalan, me aka kawo na lefe, wane sharaɗi waliyyi ya gindaya. Malikiyya ta yarda miji ya sa al'amarin mace a hannunta idan ya aikata abu kaza, misali ya doke ta ko ya yi tafiyar wata shida ba aike, kuma sharaɗin da aka ɗaure ta wannan hanya yana hawa kansa, amma waliyyai ba sa nema, kunya suke ji a ce suna yi wa auren 'yarsu fatan mutuwa. Haka wanda ya yi saki a ba shi 'yan kwanaki ya je kotun yankinsu ya rubuta: rana kaza, saki na nawa, tana da ciki ko babu, yara nawa, a hannun wa suke, nawa zai riƙa bayarwa duk wata. Wanda ya ƙi a ci shi tara, sakinsa kuma na nan. Musun aukuwar saki, da musun adadin igiya, da na ranar fara idda, da takardar lissafin hul'i, da faɗuwar kuɗin yara na baya, duk a kan waɗannan layukan suke tsayawa, kuma ba ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar a canza hukunci ko guda a cikin Muhtasar.